Famfon Zafi da Ɗarin Hunturu: Yaushe Ya Kamata Magidanci Ya Saya?

Daga tsakiyar watan Disamba zuwa farkon Fabrairu, duk wanda ya taɓa kwana a ƙauyukan arewacin Kano, wato wajejen Ɗambatta da Makoɗa da Bichi da Kunci da Minjibir, ya san abin da ake kira ɗari. Da rana hazo ya lulluɓe sama, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso. Da dare kuwa sanyi ya sauko har cikin ƙashi. Gab da asuba ma'aunin zafi yakan nuna digiri 12 zuwa 14 na Salshiyas, wani daren ma ya gangara ƙasa da 10, alhali a nan wurin dai cikin watan Afrilu zafi yakan haura digiri 40. Mutumin Turai zai yi murmushi idan ya ji an kira digiri 12 sanyi. To, amma shi ɗakinsa da tufafinsa don maganin sanyi aka yi su, mu kuwa namu don maganin zafi aka yi, saboda haka idan ɗari ya zo sai ya same mu ba shiri.

Iskar da ke kawo wannan yanayi daga arewa maso gabas take busowa, kuma yawancin ƙurar da take ɗauke da ita daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa. Busasshiyar iska ce ƙwarai. Laimar da ke cikin iska ita ce kamar bargon da ke riƙe ɗumin ƙasa da dare. Idan babu ita, duk ɗumin da ƙasa ta sha da rana sai ya tsere zuwa sama da zarar rana ta faɗi. Wannan ne dalilin da ya sa mutum zai yi gumi da azahar a gona, sa'an nan ya yi makyarkyata da asuba a wajen alwala.

A shekarun baya-bayan nan an yi ta jin labarin wata na'urar ɗumama ɗaki da ta yaɗu a Turai, wadda a wannan maƙala za mu kira famfon zafi. An ce ba ta ƙona icce ko gawayi ko kananzir, ba ta hayaƙi, kuma tana ba da ɗumi ninki uku ko huɗu na wutar lantarkin da ta ci. Duk wannan gaskiya ne. Tambayar ita ce, shin ma'aikaci ko ɗan kasuwa ko manomi mai hali da ke zaune a ƙasar Ɗambatta ya kamata ya saka kuɗinsa a cikinta? Idan ya kamata, yaushe?

Yadda take aiki

Zafi halin ruwa gare shi, kullum gangare yake bi, wato daga abu mai zafi zuwa abu mai sanyi. Ba a taɓa ajiye koko mai zafi ya ƙara zafi don kansa ba. Amma duk mai noman rani a bakin madatsar ruwa ta Tomas ko ta Watari ya san ana iya tilasta wa ruwa ya hau tudu idan an sa masa inji. Injin ban-ruwa ba ya ƙirƙirar ruwa, ɗebo shi yake yi daga ƙasa ya kai sama. Haka famfon zafi yake: ba ya ƙirƙirar ɗumi, kwaso shi yake yi daga iskar waje ya tura cikin ɗaki.

Mai karatu zai ce, wane ɗumi ne a iskar asuba ta hunturu? Amsar ita ce akwai shi da yawa. A wurin masana kimiyya, abu bai rabu da zafi ɗungum ba sai ya kai digiri 273 ƙasa da sifiri. Iska mai digiri 12 mu ne take yi wa sanyi, don jikinmu yana kan digiri 37. Ga wani abin da ya fi ta sanyi nesa ba kusa ba, ita murhu ce.

Abubuwa biyu da kowa ya sani su ne sirrin na'urar. Na farko, ruwa idan zai koma tururi sai ya zuƙi zafi daga abin da ke kusa da shi. Shi ya sa ruwan randa yake sanyi: kaɗan daga cikinsa yana tsattsafowa ta ƙofofin yumɓu, ya bushe, ya tafi da zafin na ciki. Gumi ma haka yake yi wa fatarmu. Wannan hikima ce Malam Mohammed Bah Abba ya yi amfani da ita wajen tukunya cikin tukunya mai yashi a tsakani don adana kayan miya, wadda ya yaɗa a Jigawa har ta jawo masa kyautar Rolex a shekarar 2000. Na biyu, iska idan aka matse ta sai ta yi zafi. Duk yaron da ya taɓa buga wa keke iska ya ji yadda bakin famfon yake ɗaukar ɗumi.

A cikin famfon zafi akwai wani sinadari mai zagayawa a siraran bututun tagulla, shi ne wanda masu gyaran firiji ke kira gas. Irin wanda ake kira R-32 yana tafasa ne a wajen digiri 52 ƙasa da sifiri idan ba a matse shi ba. A sashen na'urar da ke waje, sinadarin yana ruwa-ruwa kuma ya fi iskar waje sanyi, saboda haka sai ya zuƙi ɗumin iskar ya koma tururi. Daga nan kwamfireso ya matse tururin har ya yi zafi sosai, ya tura shi sashen da ke cikin ɗaki. A can fanka ta hura iskar ɗaki ta kan bututun, tururin ya saki zafinsa ya sake komawa ruwa, sa'an nan ya bi ta wata matsattsiyar kafa ya huce, ya koma waje ya sake ɗebowa. Lantarkin da aka biya na juya kwamfireso ne da fanka kawai; sauran ɗumin kyauta aka kwaso shi daga sarari.

Wanda ya lura zai ga cewa abin da aka bayyana ɗin nan firiji ne, kuma iyakwandishan ne. Firiji yana kwashe zafi daga cikinsa ya zubar ta bayansa, shi ya sa bayan ke da ɗumi. Iyakwandishan yana kwashewa daga ɗaki ya zubar waje. Idan aka ƙara masa wani bawul mai juya hanyar gas, sai ya riƙa kwasowa daga waje yana zubawa ciki. Ashe dai abin ba baƙo ba ne a Kano, fuska guda kawai muka san shi da ita.

Tunanin ma tsoho ne. William Thomson, wanda aka fi sani da Lord Kelvin, ya bayyana shi a 1852, kuma a cikin shekarun 1850 ɗin wani injiniya mai suna Peter von Rittinger ya gwada shi a Ostiriya wajen dafa gishiri. A 1938 aka sa irin wannan na'ura a zauren majalisar birnin Zurich tana kwasar ɗumi daga ruwan kogi. Ƙasar Norway ce kan gaba a yau, inda wajen kashi 60 cikin 100 na gidaje suke da ita. Dalili a fili yake: sanyinsu na wata da watanni ne, kusan kashi 90 cikin 100 na lantarkinsu daga madatsun ruwa yake fitowa, kuma tun 2020 gwamnati ta hana ɗumama gidaje da man fetur. Da yaƙin Rasha da Yukren ya tsauwala farashin gas a 2022, cinikinta ya yi tashin gwauron zabo a Turai, har gwamnatin Ingila ta ɗaga tallafin da take ba mai saye zuwa fam 7,500 a 2023. Ya kamata a riƙe waɗannan dalilai, don kusan babu ko ɗaya daga cikinsu da ya shafi ƙauyen Makoɗa.

Jikin da ake son ɗumamawa

Kafin a yi maganar kuɗi, a dubi wanda sanyin ke cutarwa, domin ba kowa ba ne. Baligi mai lafiya, ko yana kwance, jikinsa yana fitar da ɗumi kwatankwacin wat 80 zuwa 100. Idan ya ci ya ƙoshi, ya sami bargo, aka tare masa iska, digiri 12 ba zai yi masa komai ba illa rashin jin daɗi. Mutum biyar a ɗaki ɗaya tamkar ƙaramar hita ce a kunne.

Jariri sabon haihuwa dabam yake. Faɗin fatarsa yana da yawa idan aka kwatanta da nauyinsa, kansa babba ne, kitsen ƙarƙashin fatarsa kaɗan ne, kuma ba ya iya makyarkyata don ya samar wa kansa ɗumi kamar babba. Abin da yake dogara da shi wani kitse ne mai ruwan ƙasa-ƙasa da ke tsakanin kafaɗunsa da wuyansa, wanda yake ƙonewa ya ba da ɗumi. Bakwaini kuwa bai gama tara wannan kitse ba aka haife shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zafin jikin jariri ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5, ɗakin haihuwa kuma kada ya gaza digiri 25. Ga sauran mutane, hukumar ta ba da shawara a 2018 cewa kada ɗakin zama ya gaza digiri 18 a lokacin sanyi. Tsofaffi ma suna cikin haɗari, domin sanyi yana tsuke jijiyoyin jini na fata, hawan jini ya ƙaru, zuciya ta ƙara wahala. Sai masu amosanin jini, wato sikila, waɗanda ba su da kaɗan a ƙasar Kano. Iyayensu sun fi kowa sanin yadda sanyi ke tayar da ciwon ƙashi.

Kakanninmu ba su zauna hannu rabbana ba. Sun yi gadon ƙasa mai rami a ƙarƙashi, a zuba garwashi, ƙasar ta sha ɗumi ta riƙa saki a hankali har gari ya waye; mutanen arewacin Sin da na Koriya ma suna da irinsa. Sai dai wuce gona da iri a nan ma yana da illa. A shekarun 1970, likitocin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, cikinsu har da Davidson da Parry, sun danganta yawan ciwon zuciyar da ke kama masu jego da haɗuwar kwanciya kan gado mai zafi, da wankan tafasasshen ruwa, da kunun kanwa. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya ƙaro wasu dalilai, amma darasin bai sauya ba: ɗumi ake nema wa mai jego, ba gashi ba.

Babban abin tsoro shi ne kaskon wuta a rufaffen ɗaki. Gawayi idan yana ci a inda iska ba ta wadata ba, yana fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksayid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari ko hawaye. A cikin jajayen ƙwayoyin jininmu akwai sinadarin himoglobin, wanda aikinsa shi ne ɗaukar iskar oksijin daga huhu zuwa sassan jiki. Wannan sinadari yana kama iskar gubar nan fiye da yadda yake kama oksijin sau 200 da ɗoriya, kuma idan ya kama ba ya saki da wuri. Sai jini ya riƙa zagayawa ja wur amma ba ya kai wa ƙwaƙwalwa abincinta. Alamun farko su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, waɗanda mutane kan ɗauka zazzaɓi ne ko mura. Mai barci kuwa ba ya jin komai, sai dai a zo tayar da shi sallah a tarar rai ya yi halinsa. Akwai wata fahimta da ta bazu cewa idan an bar gawayi a tsakar gida hayaƙinsa ya ƙare, ya zama garwashi, to babu laifi a shiga da shi ɗaki. Wannan kuskure ne mai kisa. Hayaƙin da ake gani shi ne aƙalla yake gargaɗi. Garwashin da ya yi ja babu hayaƙi yana ci gaba da fitar da gubar a ɓoye. Mace mai ciki ta fi shiga haɗari, don jinin ɗan tayi ya fi na uwarsa riƙe wannan iska.

A ganina, wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da famfon zafi yake da ita a ƙasarmu. Mai sayensa iska mai tsabta yake saye, ba rangwamen kuɗi ba.

Lissafin

Ƙaramin iyakwandishan mai ƙarfin doki ɗaya yana cin wajen wat 800, kuma idan mai juyawa ne zai ba da ɗumin da ya kai wat 2,400 ko fiye. A nan akwai abin ban dariya: yadda injin ban-ruwa ke shan mai kaɗan idan tudun gajere ne, haka famfon zafi ke cin wuta kaɗan idan tazarar sanyin waje da ɗumin ciki ba ta da yawa. Ɗaga ɗumi daga digiri 12 zuwa 22 wasan yara ne a wurinsa. Wato na'urar ta fi iya aiki a inda aka fi ƙarancin bukatarta.

A ce an kunna ta awa 5 kowane dare, ta ci yunit 4. A watan Afrilu na 2024 hukumar kula da lantarki ta ƙasa ta sa wa rukunin farko, masu alkawarin wuta awa 20 a rana, naira 225 kowane yunit. Da wannan farashi, dare ɗaya naira 900 ke nan, dare 60 na tsananin ɗari naira 54,000. Hita mai waya da za ta ba da ɗumi daidai da haka za ta ci yunit 12 a dare, wato naira 162,000 a lokacin. Rarar naira 108,000 ce a shekara, a farashi mafi tsada, kuma an cika lissafin, don ɗaki ɗaya ba ya bukatar na'urar ta yi ta gudu awa 5 babu sassauci. Na'urar da kuɗin ɗaura ta sun kai naira dubu ɗaruruwa, saboda haka ko a wannan hali sai an yi shekaru kafin ta mayar da kuɗinta. Mutumin Norway yana mayar da nasa da wuri ne domin tasa tana aiki fiye da rabin shekara.

To, balle manominmu wanda ba hita yake kunnawa ba tun farko. Masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin gonakin kewayen Kano tun shekarun 1960, ya nuna yadda jama'a masu yawa suke nome kowane taƙi na ƙasa duk shekara ba hutu, suna raya gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya a tsakiyar gonaki. Wani bincike da shi da abokan aikinsa na Jami'ar Bayero suka yi, wanda aka buga a 1990, ya gano cewa manoman nan ba sa yarda a kassara itatuwansu, sassabe rassa suke yi, iccen da birni ke ƙonawa kuwa daga nesa ake kawo yawancinsa. Mutumin da ke jin ɗumi da karan dawa da rassan gonarsa ba shi da wani kuɗin wuta da famfon zafi zai rage masa. Sabon kashe kuɗi zai ɗora masa.

Sai babbar matsala, wato wutar kanta. Sanyi daga tsakar dare zuwa hantsi yake tsananta, kuma ƙauyen da wutar KEDCO ke zuwa masa jefi-jefi ba zai dogara da ita a wannan lokaci ba. Wani zai ce a tayar da janareto. Ƙaramin janareto bai cika mayar da fiye da kashi 20 cikin 100 na ƙarfin fetur zuwa lantarki ba. Sauran ya tafi a hayaƙi da zafin inji. Idan famfon zafi ya ninka wannan sau uku, an sami 60. Ko sau huɗu ne, 80. Wato an sayi injuna biyu masu tsada don a sami ɗumin da bai kai wanda ke cikin man tun asali ba, ga fetur ya yi tsada tun da aka janye tallafi a watan Mayu na 2023, ga shi kuma hayaƙin janareto yana ɗauke da gubar nan da ake gudu. Sola kuwa da rana take aiki, hazo yana rage mata ƙarfi daidai lokacin da ake bukatarta, dole sai an tara wutar a batir. Batir mai ruwa na bolt 12 da amfiya 200 yana riƙe yunit 2.4, kuma rabi kawai ake ja idan ana so ya yi ƙarko. Yunit 4 na dare ɗaya yana bukatar irinsa huɗu.

A fara da ɗakin

Ɗumama ɗaki mai rufin kwano babu silin kamar zuba ruwa a kwando ne. Kwano siriri ne, ba ya riƙe komai. Da rana ya gasa mutane, da dare ya miƙa wa sama duk ɗumin ɗakin. Soron ƙasa mai kaurin bango da rufin azara akasin haka yake yi: bangon yana shan zafin rana a hankali, sai bayan sa'o'i da dama ɗumin ya ratso ciki, daidai lokacin da dare ya raba. Abin takaici ne yadda ake rushe irin waɗannan ɗakuna a gina na bulo inci shida da kwano, a kira shi ci gaba, sa'an nan a koma neman injin da zai gyara abin da aka ɓata. Wanda ya riga ya yi kwano, ya sa silin, ko da na tabarma ne ko zana. Ya toshe kafar da ke tsakanin bango da rufi ta gefen arewa da gabas, ya rataya labule mai kauri a ƙofa, ya ɗaga shimfiɗa daga daɓen siminti, ya saya wa yara hula da safa da bargo. Jariri kuwa a manna shi a ƙirjin uwarsa fata da fata a lulluɓe su tare. Wannan dabara da likitocin birnin Bogota na Kolombiya suka fara a ƙarshen shekarun 1970 ta ceci bakwaini masu yawa ba tare da wat ɗaya na lantarki ba. Amma a kula: ɗakin da aka toshe da kyau ya fi kowane ɗaki haɗari idan aka shigar da kasko.

Bayan duk wannan, akwai waɗanda sayen ya dace da su. Na farko shi ne magidancin da ya riga ya yanke shawarar sayen iyakwandishan saboda zafin bazara, yana da tsayayyiyar wuta ko sola mai isasshen batir, kuma a gidansa akwai tsoho ko mai sikila ko mai asma. Shi wannan lokacin sayensa shi ne ranar da zai sayi iyakwandishan ɗin, ko ranar da tsohon nasa ya lalace. Sai ya nemi mai sanyayawa da ɗumamawa, ya biya ɗan bambancin da ke tsakani. Ya bincika da kyau, domin galibin waɗanda ake sayarwa a kasuwanninmu sanyayawa kawai suke yi, kuma alamar rana a jikin rimot ba hujja ba ce. A kunna masa ya ji iska mai ɗumi da hannunsa. Na biyu shi ne ɗakin haihuwa na ƙaramin asibitin karkara da aka riga aka sa wa sola, inda digiri 25 da ƙarfe huɗu na asuba zai iya zama bambanci tsakanin rayuwa da mutuwa, kuma na'urar za ta yi amfani a bazara. Mai kiwon kaji ma, wanda 'yan tsakinsa ke bukatar digiri 32 zuwa 35 a makon farko, yana iya yin lissafi, ko da yake yawancin na'urorin gida ba a saita su su kai wannan zafi ba, kuma ƙurar ɗakin kaji tana toshe su da sauri.

Wanda ya shiga ɗaya daga cikin waɗannan rukunai kada ya bari sai ɗari ya kama, don ba a fafe gora ranar tafiya; watan Oktoba ko Nuwamba ya fi, a sami lokacin gwadawa. Ya zaɓi irin mai inbata, wanda ke rage gudu idan ɗaki ya yi ɗumi kuma ba ya fizgar wuta lokacin tashi. Ya duba irin gas ɗin da ke ciki: tsohon R-22 ana kan janye shi a duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987, saboda haka zai ƙara wuyar samu. Ya sa na'urar daidaita ƙarfin wuta, ya tabbata akwai mai gyara a kusa wanda ya san bawul ɗin juyawa, ba sai an ɗauko shi daga Sabon Gari ba. A kafa sashen waje ta gefen kudu ko yamma inda bango zai kare shi daga ƙura, a ɗaga shi daga ƙasa saboda awaki, kuma muddin hazo na nan a riƙa cire ragar tace iska ana wankewa kowane mako.